Layin da Isyaku Ya Ce a Bar Masa a Buɗe

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a Asibitin Malam da ke Kano, in dai ya fito ta ɓangaren Gyadi-Gyadi yana neman abin jiƙa maƙogwaro, to ya san Inna Asabe ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan mai kula biyu, ɗaya ta zoɓo ɗaya ta kunun aya, da ke zama a gindin darbejiya tana faɗa da 'yan adaidaita sahu kada su tare mata gaban kaya. Faɗa kam ta iya shi. Amma in ta ga idonka ya yi ja irin na wanda ya kwana a kan bencin asibiti, sai ta miƙo maka gora mai sanyi ta ce, "Sha, ba sayar maka na yi ba," ta kuma harare ka in ka sa hannu a aljihu.

A nan Gyadi-Gyadi aka haife ta, tun ana noma gero a inda yanzu shaguna suka cushe. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wankin asibitin, tana wanke zannuwan gadon da ba kowa ke iya kallonsu ba, balle ya taɓa. Har yau in ka duba hannunta za ka ga aikin sabulu da ruwan zafi. Mijinta, Malam Inuwa, gadi yake yi a wata firamare a Tarauni. Mutum ne mai shiru-shiru, haka kuma ya tafi, kwana huɗu ya yi a kwance ya rasu, ya bar ta da yara biyu cikin shidan da ta haifa. Babbar ita ce Hadiza, tana aure a Hotoro da 'ya'yanta. Ƙaramin shi ne Isyaku.

Waya biyu gare ta. Ɗaya ta mutanen duniya ce, Hadiza ta saya mata. Da ita take kiran mai ƙanƙara, ta nan ake gaya mata suna da rasuwa, kuma ko'ina jefar da ita take yi, sau biyu ana tsamo ta a cikin kular zoɓo. Ɗayar kuwa 'yar ƙarama ce mai tocila, baƙa, lambobin jikinta duk sun goge, an ɗaure bayanta da roba. Ta ɗinka mata jaka da ƙyallen atamfa, ta sa igiya, ta rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. Da ita take salla, da ita take kwanciya, in za ta shiga wanka a kan ƙusa take saƙale ta daidai inda za ta ji in ta yi ƙara. Sai da wayar nan ta yi shekara tara ba ta kira kowa ba.

Isyaku ne ya saya mata layin da kuɗin aikinsa na farko, lokacin yana koyon sa tayil wajen ubangidansa a Unguwa Uku. Inna Asabe ba ta yi boko ba, don haka ya zaunar da ita a tabarma ya dinga biya mata lambar kamar ana biya karatun allo, tana maimaitawa, tana kuskure, yana dariya, tana kai masa duka da mafici, har lambar ta zauna mata daram. Ranar ya ce mata, "Ni ma na haddace ta, Inna. Ko wayata ta faɗa rijiya, wannan lambar tana kaina."

Da aiki ya yi wuya a gari, abokansa suka fara zancen Libiya, wai a can mai sa tayil daraja gare shi kamar likita. Ta hana. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta sa liman ya yi masa nasiha. Da ta ga ko ta yarda ko ba ta yarda ba tafiya zai yi, sai ta zaɓi ya tafi da albarkarta. Ta raka shi tashar Ƙofar Ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, ta tsaya har motar ta ɓace. Ya kira daga Agadas. Ya kira sau biyu daga Sabha, can cikin Libiya. Kiran ƙarshe ranar wata Talata ce da damina, tana cikin shanya, muryarsa can nesa tana yankewa.

"Inna, wayar mai shago ce na ara. Kada ki kira ta, faɗa yake yi. Ni zan kira ki. Ki dai bar mini layin nan a buɗe."

Ta ce to. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, amma kafin ya amsa kiran ya katse.

Wani in ya ji an ce masa ya bar layi a buɗe, zai ɗauka magana ce irin ta bankwana. Ita kuwa ta ɗauke ta yadda aka faɗe ta. Ta zauna ta yi lissafinta: in tana kan waya da wani, Isyaku ya kira a daidai wannan lokacin, zai ji layi a cike. Wanda kuwa ya ari waya a ƙasar mutane, ba lallai a sake ara masa ba. Tun daga ranar ta haramta wa kanta kira da ita. Ta bi 'yan uwa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta ce kowa ya goge wannan lamba. Akwai ranar da Hadiza ta manta ta kira ta a kai. Inna Asabe na cikin alwala, ta yar da buta, ta fisgo wayar, sai ta ji muryar 'yarta tana tambayar ko daddawa ta ƙare. Mako guda ba ta yi wa Hadiza magana ba.

Mutumin da ya fi kowa sanin sirrin wayar nan shi ne Anayo, mai lemar da ke gefen kulolinta. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi ta wasu 'yan cikin gari, furfura ta fara fito masa a gemu. Katin waya yake sayarwa da caja, yanzu har da cirar kuɗi. Shi ne ranar kiran ƙarshen nan ya kwafe mata lambar mai shagon Sabha a bayan wani tsohon kati, ta ninke ta cusa a jakar wayar. Shi ne kuma ya yi mata bayanin tsarin da layinta yake kai: in dai ana sa masa kati, ba ya mutuwa, ko ba a kira kowa da shi ba. Shi ke nan sai ya zama ƙa'ida. Duk farkon wata za ta sayi kati mafi ƙanƙanta, ya sa mata, sannan ya kira layin daga wayarsa ya bari ta yi ƙara sau ɗaya tak ya kashe. Ita kuma ta gyaɗa kai ta ce, "Yana da rai," ta mayar cikin hijabi. Sau huɗu yana canja wa wayar batir.

Yakan tsokane ta. "Inna, kuɗin da ya taru a wayar nan ya isa ki kira Makka ki gaisa da alhazai ɗaya bayan ɗaya."

"Kai dai sa kati ka rufe mini baki."

Mutane kuwa ba su bar ta ta huta ba. Wani ya ce a teku yaran nan suke ƙarewa. Wani ya ce gidan yari. Wata da ba a tambaye ta ba ta ce ai aure ya yi ya manta gida, kamar ita ta ɗaura. Hadiza ma ta taɓa lallaɓowa ta ce ko za a yi masa sadaka a tara mutane. Inna Asabe ta ce sadaka kullum tana yi, amma zaman makoki sai wanda ya ga gawarsa ya zo ya gaya mata da bakinsa. Ba wai ba ta san abin da suke nufi ba ne. Ta sani sarai. Kewar yaron nan ce dai take cin ta, ba dare ba rana, kuma ba ta ɓoyewa. In ta hango dogon saurayi yana tafe yana ɗan duƙar da kai, sai ta bi shi da ido har ya wuce. In wayar wani ta yi irin ƙarar tata a cikin taro, hannunta ya riga ya kai ƙirji kafin ta tuna. Har yau in za ta yi ɗanwake sai ta zuba gari ya fi na mutum ɗaya.

Haka aka yi ta tafiya har farkon watan da ya gabaci azumin bara. Ta sayi kati kamar kullum. Anayo ya danna lambobin, wayar ta ƙi karɓa. Ya goge gilashinsa ya sake dannawa, ta ƙi. Ya ce wataƙila sabis ne, bari ya kira. Ya kira. Inna Asabe na riƙe da wayar a tafin hannu tana jira ta yi ƙara, shiru. Ta ga fuskarsa ta canja, ta ce ya ba ta ta ji da kunnenta. Muryar wata mace ce, ta yi Turanci, sannan ta juya Hausa a tsanake, ta ce lambar da aka kira babu ita.

"Babu ita kamar yaya? Ga ta a hannuna."

Anayo ya zauna a kan bencinsa. Shi ya san abin da ya faru, kuma kunya ta kama shi. Watanni kaɗan da suka wuce kamfanin ya soke tsohon tsarin nan, ya kwashe duk mutanen da ke kai ya zuba a sabo, ba tare da ya tambayi kowa ba. A sabon tsarin, sa kati kaɗai ba ya wadatarwa. Layin da ya daɗe bai kira kowa ba, bai tura saƙo ba, a wurinsu matacce ne. Za su rufe shi, in an jima kuma su sayar wa wani da lambar. Shi da bakinsa ya sha gaya wa masu sayen kati wannan magana, amma ko sau ɗaya bai kawo wa ransa cewa tsohuwar da ke zaune taku biyu da shi ita ce abin zai fara ci ba.

Ya karɓi wayar ya duba. A can sama 'yar alamar ambulan na ta ƙyaftawa, kuma ta yi shekaru tana haka. Akwatin saƙo ya cika maƙil. Akwai saƙo uku da Isyaku ya turo tun yana Agadas, kuma tun da ba ta iya bambance nasa da tallan kamfani, ta hana a goge ko ɗaya. To ko da an turo mata sanarwa, ba ta da ƙofar shiga.

Ya yi mata bayani a hankali. Duk ta saurara, amma kalma ɗaya ce ta tsaya mata.

"Sayarwa? Lambar Isyaku za su sayar? In ya kira wani ƙato ya ɗauka ya ce bai san ni ba?"

Ba ta yi kuka ba. Anayo ya naɗe lemarsa da rana tsaka, abin da ko ranar da aka yi wa matarsa aiki bai yi ba, ya ba mai shayin gefe ajiyar kuloli, ya tare adaidaita sahu. Direban ma ɗaya ne daga cikin waɗanda take kora kullum.

Ofishin kamfanin sanyi kamar ɗakin ajiye magani. Aka ba su 'yar takarda mai lamba, suka zauna har bayan azahar kafin a kira su. Yarinyar da ke bayan teburin, Samira sunanta a rubuce a ƙirji, ba ta da laifi, aikinta take yi yadda aka koya mata. Ta danna na'ura, ta ɗago da murmushi.

"Mama, an turo miki saƙo har sau uku kafin a rufe."

"Da wane yare?"

"Da Turanci."

"To 'yar nan, ranar da kuke karɓar kuɗin katina wata bayan wata, da Turanci na ba ku? Lokacin da aka ce a haɗa layi da lambar ɗan ƙasa, kwana uku ina zuwa nan ina tsayuwa a rana, kuka ɗauki hotona, kuka dangwala yatsuna goma. Kun san fuskata, kun san yatsuna, amma da za ku kashe mini layi ba wanda ya iya buɗe baki ya kira ni ya gaya mini?"

Samira ta ce ta yi haƙuri, abin ba wuya, yanzun nan za a ba ta sabon layi kyauta, har ma ta zaɓi lamba mai daɗin riƙewa. Wallahi gara ma da ba ta faɗi haka ba. Inna Asabe ta miƙe tsaye, duk gajartarta sai da mutanen da ke zaune suka juyo. Anayo ya riga ta magana, ya ce, "Inna, zauna, bar ni da ita."

Bai ɗaga murya ba. Shekara ashirin yana sayar da katin kamfanonin nan, ya san inda igiyarsu take. Ya ce da Samira, "Ƙanwata, ba sabon layi muka zo nema ba. Matar nan a kan wani sharaɗi ta riƙe layinta, ba ta saɓa ba ko wata ɗaya. Ku kuka canja. In kun canja, haƙƙinta ne ta sani tun da wuri, ta hanyar da za ta gane, ta zaɓi abin da za ta yi. Kuɗin da ke ciki kuma nata ne, ba a kashe shi ba. Ki rubuta mana ƙorafi, ki ba mu lambar ƙorafin a takarda. In ba a gyara ba, da takardar nan za mu je hukumar da ke sa ido a kanku."

"Ni ba kuɗi nake so ba," in ji Inna Asabe. "Su riƙe."

"Ba za su riƙe ba, Inna. Da layin da kuɗin duk naki ne."

Samira ta sake duba na'urar, wannan karon da kyau. Ta ce kwana ashirin da shida ke nan da rufewa, amma lambar ba ta fita kasuwa ba tukuna. Ta jawo fom ta fara cikewa. Da ta zo gurbin dalili, ta tambaya me ya sa layi mai kuɗi haka ya shekara tara bai kira kowa ba. Inna Asabe ta gaya mata. Ba ta ƙawata ba, ta faɗi tashar Ƙofar Ruwa, ta faɗi ranar Talata, ta faɗi abin da yaron ya ce. Samira ta daina rubutu. Ta ɗan jima tana kallon 'yar jakar atamfar nan, sannan ta tashi da fom ɗin a hannu ta shiga ofishin ogansu da kanta. Da ta fito ta ce a ba ta kwana biyar, ta kuma rubuta lambar ƙorafin da manyan baƙi ta ba Anayo.

Kwana biyar ɗin nan ba a sha zoɓo a gindin darbejiya ba. Kullum da safe Inna Asabe na ofishin kafin a buɗe, ta zauna a kujerar ƙarshe da carbinta har a tashi. Mai gadi ya gaji da ce mata ba sai ta zo ba. Ta ce in ta zauna a gida wani zai iya shigowa ya saye lambar ba ta nan. An gaya mata ba haka ake yi ba, ba ta yarda ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

Rana ta biyar Samira ta yafito ta. Ta ce a kashe wayar a kunna. Anayo, da ya sake naɗe lemarsa ya biyo ta, ya kira. Wayar ta yi ƙara, ƙarar nan mai kama da kukan gyare da duk Gyadi-Gyadi an daina jin irinta. Inna Asabe ta rufe ta da hannu biyu ta ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. An mayar da layin da sunanta, an mayar da kuɗin cif, har da kyautar data ta ban haƙuri, wadda ta ce a ba mai so, ita ba ta san me ake dafawa da ita ba.

Har sun miƙe za su tafi, ta dawo ta dafa teburin.

"'Yar nan, injin naku yana nuna ko wani ya kira a kwanakin da kuka rufe?"

Samira ta girgiza kai. "Layin da aka rufe ba ya ajiye komai, Mama."

"Kwana talatin da ɗaya ke nan."

"Haka ne."

"To in ya kira, matar nan ta cikin waya ta ce masa babu ni. Isyaku ya san ni. Ya san in dai ina numfashi layin nan ba zai mutu ba. In ya ji an ce babu lambar, cewa zai yi na rasu. Ba zai sake kira ba."

Samira ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Da ƙyar ta iya tuna mata cewa tsohon tsarin ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi, don haka lallai ta dinga kira da layin lokaci-lokaci, ko na minti ɗaya ne, in ba haka ba za a sake rufewa.

Suka koma gindin darbejiya da la'asar sakaliya. Anayo ya kafa lemarsa, ya ce abin mai sauƙi ne: duk wata ta kira wayarsa, ya ɗauka ya kashe, ko ƙiftawar ido ba za a yi ba. Ya miƙo hannu zai nuna mata inda ake dannawa. Ba ta ba shi ba. Ta zauna da wayar a cinya tana kallon titi, tsawon lokacin da har ya sallami mutum uku. Can sai ta zura yatsa cikin jakar atamfar ta zaro tsohon katin nan, ya yi laushi kamar ƙyalle, rubutun biro ya koɗe amma ana gani.

"Ya ce kada in kira. Shekara tara ina bin maganarsa. Yau shi ma sai ya yi haƙuri. Sa mini."

Anayo ya dube ta. Ya so ya ce lambar shekara tara da wuya ta yi aiki, ya fasa. Ya danna a hankali yana duba kowace lamba sau biyu, ya miƙa mata.

Wayar ta shiga. Ta yi ta ƙara can nesa, har Inna Asabe ta fara cire rai, sai wani ya ɗauka da Larabci. Ta yi sallama ta ce ita ce uwar Isyaku. Ya yi wata magana da sauri, ta sake cewa ita ce uwar Isyaku, daga Kano. Ta ji ya ƙwala wa wani kira, ta ji an ja kujera, ta ji ƙarar mota. Sannan wata murya ta zo da Hausa irin ta mutanen Agadas. Ya ce sunansa Yusuf, shekararsa huɗu yana aiki a shagon. Tsohon mai shagon ya rasu, ɗansa ne yanzu a kai.

Inna Asabe ta fara. Ta ce dogo ne, baƙi, yana ɗan duƙar da kai in yana tafiya. Yana da tabo a girar hagu, daga kan katangar makarantar babansa ya faɗo. Tayil yake sawa, kuma in ya sa ba ka ganin inda ya haɗa. Ba ya cin miyar kuɓewa. In ransa ya ɓaci in'ina take kama shi. Da ya tafi yana da riga shuɗiya mai aljihu biyu, amma ta san yanzu ta tsufa. Wani ya zo sayen zoɓo, Anayo ya ɗaga masa hannu ya wuce. Layin da aka hana kowa taɓawa shekara tara, ga shi a cike, ita kuwa ko a jikinta, sai zuba take yi, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

Yusuf ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba, ban san shi ba. Masu suna Isyaku da suka bi ta shagon nan ba su ƙirguwa. Amma masu wucewa sukan dawo, wani bayan shekaru. Muna da bango a nan ciki, iyaye da mata suna kira mu rubuta lambarsu. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya karanta."

"Akwai mutane da yawa a bangon?"

"Ya cika, Hajiya."

Ita duk zamanta ta ɗauka ita kaɗai ce mai waya a wuya.

"To rubuta. Inna Asabe, Gyadi-Gyadi. Ka ce tana nan da ranta. Ka ce in ya kira an ce masa babu lambar, kuskure ne, an gyara. Layin a buɗe yake." Sannan ta biya masa lambar, biyu-biyu, da irin waƙar da Isyaku ya koya mata a kan tabarma, ta sa ya maimaita mata har sau biyu.

"Hajiya, ƙasa ba wuri. Sai na hau kujera na rubuta can sama kusa da rufi."

"Rubuta a can," ta ce. "Dogo ne, zai gani."

Ta ji jan kujera, ta ji yana cewa wani ya miƙo masa gawayi, sai kiran ya katse. Kuɗin shekara tara ya ƙare.

Ta daɗe da wayar a kunne bayan kiran ya yanke. Sannan ta share fuska da gefen hijabi, ta kwance bakin zani ta miƙa wa Anayo kuɗin kati. Ya sa mata, ya kira, ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe. Ta mayar da ita cikin jaka tare da tsohon katin, ta rataya.

Tana nan har yanzu a gindin darbejiyar. Duk farkon wata tana kiran Anayo, yana zaune taku biyu da ita, ya ɗauka ta ce masa, "Kashe, kashe," tun bai gama sallama ba. In ka je sayen kunun aya wayarka ta yi ƙara, za ka ga hannunta ya kai ƙirji kafin ta miƙo maka gorar.